Tunau da Mai Jar Hula

Ku gyara zama, yau labarin Tunau na Gangaren Doka ne. Mai dariya ya yi abarsa tun yanzu, don akwai inda za a kai ba zai iya ba.

A ƙauyen Gangaren Doka, gidan ƙarshe kafin a shiga daji, akwai wata tsohuwa ana ce mata Inna Gwamma. 'Ya'yanta biyu, duk maza. Ƙaramin, Nomau, shi ke riƙe da gida da gona, tare da matarsa Lantana, mace mai zafin nama da zafin baki. Babban kuwa shi ne Tunau, ƙato, gemunsa har ya fara furfura, ga ƙarfi kamar sa, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Wai tun yana ciki ya zarce watanninsa, don ba wanda ya ce masa ya fito. Ranar da aka ce ya yi ta zuba ruwa a randa sai an ce ya bari, aka manta da shi, sai da agwagin maƙwabta suka shigo tsakar gida wanka. Da yake ɗan fari ne, Inna Gwamma ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunya. "Kai wannan," take ce masa, shi kuma ya amsa.

To, duk tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, abin da ke rufa wa tukunyar gidan nan asiri shi ne naman kaza, wannan da ke tsirowa a gindin itatuwa bayan ruwa, mai kama da 'yar laima. Akwai wani iri da ke fitowa ƙarƙashin itacen doka, kansa ja, ƙafarsa fara, su a gidan mai jar hula suke ce masa. In ya shiga miya, har ka manta da kifi. Sai dai a dajin akwai waɗansu masu kama da shi, waɗanda in suka shiga tukunya sai dai a zo gidan gaisuwa. Duk ƙauyen Inna Gwamma kaɗai ta san su ciki da bai, kowa ya ɗebo sai ya kawo ta duba. Ga shi bana yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma abin na hana ta sukuni: in idon ya tafi gaba ɗaya, wa zai tsaya tsakanin daji da tukunya? Ta ce wa Nomau ya zo ta koya masa, ya ce gona na jiransa. Ta ce wa Lantana, ita kuwa ta ce, "Wane koyo kuma, Inna? Ja ne fa, ai ni ba makauniya ba ce." Ta faɗa kafin ta tuna da wa take magana. Shi ke nan, ba wanda ya rage sai Tunau.

Wata rana, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, tsohuwa ta ɗauki sandarta ta ce, "Kai wannan, ɗauko ƙwarya ka biyo ni. Inda na sa ƙafa, nan za ka sa taka." Tunau ya bi. Ƙato guda yana tsinka taku irin na tsohuwa, idonsa a ƙasa. Inda ta yi tuntuɓe ya yi tuntuɓe. Inda santsi ya kwashe ta ta dafa sanda, shi da ba shi da sanda ya kai ƙasa tim, masu tafiya gona suna riƙe ciki. Amma da suka shiga inuwar doka sai ya tsaya cak. Jiya-jiyan nan ya bi ta wurin da itace a ka, ba komai sai ruɓaɓɓen ganye. Yau ga su nan jajaye, sun ɗago ganyen da kawunansu, raɓa na ƙyalli a kansu, wani shi kaɗai, waɗansu a jere kamar masu jiran salla.

"Inna, wa ya shuka su?"

"Ba wanda ya shuka."

"Wa ya yi musu noma?"

"Ba kowa."

Tunau ya cire hularsa ya ce, "Ikon Allah!" a hankali, kamar yana tsoron kada ya tashe su. Tsohuwa ta durƙusa ta laluba guda ta ce, "Saurara da kyau. Launi ba shaida ba ne, ruwa kan wanke jan har ya koma fari-fari. Ba a yanka, ba a tsinka. Tonawa ake yi har a ga inda ya ƙare. Namu gindinsa sumul yake. In ka ga gindi a cikin 'yar farar jaka, ko ka ga zobe a wuyansa, ka bar shi, wannan mutuwa ce." Tunau ya gyaɗa kai ya ce ya ji.

Wata rana ta aike shi shi kaɗai. Ya sami wani kyakkyawa, ya tona da yatsa, ga gindi sumul, ba jaka. Amma da ya duba sosai sai ya ga waɗansu fararen zare a ƙarƙashi, sun fi yanar gizo siranta, sun nutse cikin ƙasa. To ai an ce har inda ya ƙare. Gogan naku ya koma gida ya ɗauko fartanya. Ya bi zaren nan, zare ya rabu biyu, ya bi, ya sake rabuwa, ya bi. Har la'asar ba Tunau ba labarinsa. Nomau ya fito nemansa yana ƙwala kira, bai ankara ba sai ji ya yi ya rufta cikin rami har ƙugu.

"Yaya! Kabarin wa kake haƙawa a nan?"

"Bai ƙare ba, Nomau. Taka a hankali, za ka tsinka shi."

Da ƙyar aka jawo shi gida, jikinsa duk laka, ƙwarya ba ko ɗaya a ciki. Lantana ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe. Shi ko a jikinsa. Ya tsuguna gaban tsohuwa, idonsa na sheƙi, ya ce, "Inna, ba shi da ƙarshe. Zarensa ya tafi ya naɗe saiwar doka. Yana riƙe da doka, doka na riƙe da shi." Inna Gwamma tun tana yarinya take ɗibarsa, ta san ba ya rabuwa da gindin doka, amma wallahi ba ta taɓa sanin a ƙarƙashin ƙasa hannunsu na cikin na juna ba. Da yake ɗan fari ne ba ta yaba masa ba, sai ta ce, "Gobe tsawon yatsa ya isa."

Wata rana ta ba shi alama ta biyu. Ta ɗauki guda ta kai kusa da kunnensa ta karya ƙafar. Ƙas! Kamar an karya alli. Ta sa ya shafa ƙarƙashin hular, inda siraran layuka suke a jere kamar haƙoran mataji, suka marmashe a yatsansa. Ta ce, "Ka ji? Namu ke nan, ba ya lanƙwasa, ba ya zare. Mugun kuwa sai ya tanƙware, ya tsage zare-zare kamar rama. Duk abin da bai ce ƙas ba, ba ya shiga tukunya. Ka riƙe wannan ko bayan raina." Kai, Tunau ya ji daɗin ƙarar nan! Ya tafi daji ya karya ƙafa, ya karya hula, ya karya abin da ya karya, ya dawo da ƙwarya cike da marmashi kamar tsakin kaji. Tsohuwa ta ce a zubar, ba mai gane marmashi, kuma daga yau ƙafa kaɗai zai karya, sau ɗaya. Kafin a gama wannan sai aka ji ƙas daga madafa. Lantana ta ruga, ta tarar da muciyarta gida biyu a hannunsa.

"Yaya, me muciyata ta yi maka?"

"Na ga za ki sa ta a tukunya ne. Kwantar da hankalinki, mai kyau ce."

Wata rana aka zo kan ɗanɗano. Inna ta ce, "Wanda ya tsallake tono, ya tsallake kariya, shi kaɗai ake kai wa baki, kada ka kuskura ka fara da baki. Ka gutsiri ɗan mitsitsi ka ɗora a kan harshe. In ka ji yaji, ba na ci ba ne, zai murɗa ciki, ka tofar ka bar shi. Ko ba ka ji yaji ba ma, tofarwa za ka yi." Ya gwada wani, shiru. Ya gwada wani mai kama da shi sak, sai ya ji harshensa ya kama da wuta, hawaye shar. Ya tsaya yana kallon su biyun, hula ɗaya, ƙafa ɗaya, gindin itace ɗaya, amma wannan sanyi wancan wuta. Sai jinjina kai yake yi. Da yamma kuwa mahaifin Lantana ya zo ganin gida, dattijo mai kamala, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, 'yarsa ta yi masa miya ta ji barkono. Tunau ya kai loma ɗaya, ya tofar, ya yi tsalle ya fizge kwanon daga gaban baƙo ya kife a ƙasa.

"Baba, tofar! Ba na ci ba ne!"

Dattijo ya tofar kuwa, don tsoro, har da kurkure baki. Nomau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ranar har bakin rafi ya raka surukinsa yana ba da haƙuri.

Wata rana suka tarar da wani ɗan ƙarami, kansa a dunƙule kamar ƙwan zabo, bai buɗe ba. Tunau ya kai hannu, tsohuwa ta buge hannun ta ce, "Wanda bai buɗe ba, ba a yanke masa hukunci. Jiransa ake yi ya buɗe." Ta juya gida. Tana tsammanin yana bayanta, ina! Tunau ya gyara zama ya naɗe ƙafa, yana jira. Ruwa ya zo ya jiƙa shi ya wuce. Rana ta fito ta busar da shi. Aka kai masa tuwo nan, aka yi lallashi, aka yi zagi, ya ce an ce a jira. Salla kaɗai ke tayar da shi, ita ma a gefen yake yin ta. Kuma jama'a, ya ga abin da ba wanda ya taɓa zama ya gani a ƙauyen nan. Ya ga kan yana ɗagowa ba tare da an ga motsinsa ba. Ya ga gefen hular ya rabu da ƙafa, ya baje, ya yi faɗi, daga baya tsakiyar ta lotsa ta zama 'yar ƙwarya, ruwan sama ya taru a ciki, wata tururuwa ta hau ta sha ta sauka. Da wani naman kazan ya tsufa ya faɗi a gefe, Tunau ya ɗauke hular naman kazan ya kife ta a kan wani baƙin ganye don kada ta ɓaci. Da gari ya waye ya ɗaga, sai ga zane a kan ganyen da farin gari, layi-layi a zagaye, kamar an zana rana da hasken da take fitarwa.

Ya tallabo ganyen da hannu biyu, yana tafe kamar mai ɗauke da jariri, har gaban tsohuwa. "Inna, duba! Ya yi zane da kansa!" Ta karɓa, ta kai kusa da fuska, ta juya wajen haske. Ta kai yatsa ta shafa, zanen ya goge. "Mene ne a kai?" in ji ta. Tunau ya kalli ganyen, ya kalli idonta da suka yi fari. Sai a ranar ya gane. Ya zauna a gefenta yana kuka kamar ƙaramin yaro, ita kuma ta juya fuska don kada a ce ta nuna damuwa da ɗan fari.

Wata rana Nomau ya kira gayya, don ciyawa ta ci ƙarfin gonarsa. Maza suka taru da fartanyu, har da mai ganga. Aka yanka 'yar akuya, amma namanta ba zai ƙosar da wannan taro ba, dole a ƙara da naman kaza. Ga Inna Gwamma kwance da zazzaɓi tun jiya. Lantana ta ce ba sai an tashe ta ba. Ta ɗauki wuƙa ta shiga daji da asuba, fyaɗ, fyaɗ, ta cika kwando. Ta haɗa har da waɗansu manya farare-farare, ta ce ruwa ne ya wanke musu ja, ai tsohuwa da bakinta ta faɗa. Ta gama tuwo, ta ɗora ruwan miya, ta jera kayan haɗi a faifai. Sai aka aiko daga gona a kai kunu maza. Ta duba ba kowa sai Tunau.

"Yaya, don Allah yau ɗaya ka yi mini abin kirki. In ruwa ya tafasa ka zuba kayan miyan nan a tukunya."

Ta fita. Tunau ya zauna gaban faifai, ya naɗe hannun riga. Duk abin da bai ce ƙas ba, ba ya shiga tukunya, an ce ya riƙe ko bayan rai. Ya ɗauki kuɓewa, ƙas, ta shiga. Kanwa, ƙas, ta shiga. Yakuwa ta lanƙwashe, waje. Albasa ta ƙi karyewa, waje. Busasshen barkono ya ce ƙas, ya ɗora a harshe, yaji, waje. Ya ɗauki tsokar akuya, ya murɗa, ya tanƙwara, ya kai kunne, shiru. Ya girgiza kai don tausayin gidansu, ya kwashe naman duka ya kai bayan rumbu, inda karen maƙwabta ya yi sallarsa. Sa'an nan ya juyo kan kwando. Ɗaya bayan ɗaya, ya karya, ya saurara, ya taɓa da harshe, ya tofar, ya jefa. Manyan fararen nan kuwa suka tanƙware a hannunsa suka ƙi magana, ya tara su gefe tare da yakuwa.

Da rana ta take, 'yan gayya suka shigo suka zazzauna a inuwa, aka zuba tuwo, aka zuba miya. Kowa ya laluba, ba nama. Kowa ya kai baki, lami, ba yaji ba tsami. Mai ganga ya ce, "Nomau, akuyar da muka ji kukanta da safe, tashi ta yi ta gudu?" Aka fashe da dariya. Lantana ta ɗora hannu a ka tana salati. Nomau ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "Yaya, ka tozarta ni a gaban mutane! Wallahi na gaji. Me muka yi wa Allah ya haɗa mu da kai?" Tunau ya sunkuyar da kai, bai san laifinsa ba, amma maganar ta soke shi.

Hayaniyar ce ta fito da tsohuwa, tana dafa bango. Lantana ta kwaso abin da aka ware ta zube mata a hannu. "Inna, duba ɓarnar ɗanki! Har waɗannan manya kyawawa ya zubar!" Inna Gwamma ta laluba. Ta ɗauki guda ta matsa ƙafarsa, ya tanƙware. Ta ja, ya tsage zare-zare. Ta kai yatsa ƙarƙashin hular, ta ji wata 'yar fata a zagaye da wuyan. Sai ta ɗago kai ta tambaya:

"Ko ɗaya irin wannan ya shiga tukunya?"

"A'a, Inna," in ji Tunau. "Bai ce ƙas ba."

"Ke, ina kika yanko su?"

"Bayan tsohon suri."

"Kai wannan, je ka tono mini abin da wuƙa ta bari a ƙasa. Tsawon yatsa."

Ya tafi da gudu ya dawo, ya ɗora mata a tafin hannu: guntun gindi, zaune a cikin 'yar farar jaka. Tsohuwa ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Ta ce, "Wannan ba ya ɗaci, ba ya wari, mai ci ma santi zai yi. Sai an koma gida an kwanta sannan ya fara aikinsa. Da ya shiga miyar nan, da ba a sami masu ɗaukar gawa a Gangaren Doka ba."

Mai loma a hannu ya tsaya da ita a hannu. Mai ganga ya kalli ɗansa da ƙaninsa da ke zaune a kwano ɗaya da shi, ya ce, "La'ilaha illallahu." Lantana ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Nomau ya zo ya durƙusa gaban wansa. Shi kuwa Tunau duk bai fahimci abin da ya sa aka daina zaginsa ba. Ya matsa kusa da tsohuwa ya tambaya a hankali, "Inna, ashe akuyar ma muguwa ce?" Wani ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka.

Inna Gwamma ta miƙa hannu ta lalubo fuskarsa, ta shafa gemun nan mai furfura. A gaban maza, a gaban surukarta, ta ajiye kunyar da ta riƙe tun ranar da ta haife shi, ta ce, "Tunau."

Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Tunau, da kai nake."

"Ni, Inna? Ai ni kai wannan ne."

"Kai ne. Daga yau kowa ya ɗebo, kai zai kawo wa. Gobe kuma kai za ka shiga gaba. Inda ka sa ƙafa, nan zan sa tawa."

Kashegari, bayan ruwan asuba, masu tafiya gona suka gan su a kan hanyar daji. Ƙaton a gaba da ƙwarya, tsohuwa a baya riƙe da gefen rigarsa. Ba wanda ya ce masa ya rage taku, amma ƙanana yake yi, daidai nata, yana kauce wa duk inda santsi yake. Ranar ba wanda ya yi dariya. Suka ratse gefe suka ba su hanya, suna ce masa, "Barka da asuba, Tunau."

Iyakar labarin ke nan. Wanda kuma ya ji shi ya ce ya ƙware, zai shiga daji shi kaɗai, to ba da yawun Inna Gwamma ba.